Ranar da Aka Jefa Ƙwaya a Kan Addu'a

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Ku da kuka saba zuwa, sannunku. Ku da yau ne farkonku, ku matso, ba za ku ɓata ba. Sunana Kellu, 'yar Alhaji Umara dillali a Kasuwar Shanu. Gidanmu yana Bulumkutu, a layin da bishiyoyin darbejiya suka haɗe kai suka yi rumfa. Abin da zan ba ku ya faru ne a bazarar da ta biyo bayan faɗuwar Bama a hannun 'yan tada ƙayar baya, lokacin da Maiduguri ta cika ta batse da waɗanda suka gudo, kowane gida ya koma unguwa guda.

Namu ma bai tsira ba. Ɗakin da nake kwana ni kaɗai ina juyi yadda na so, ya koma in za ka miƙe ƙafa sai ka ba wa wata haƙuri. A cikin waɗanda suka zo akwai Ammatullahi, matar yayana Ajimi, muna ce mata Ya Amatu. A Bama suke zaune, shi yana tuƙa motar shanun Aba, wato babanmu. Ranar da aka shiga garin ya ɗora ta a bayan wata babbar mota da tsohon cikinta, ya ce ta tafi, zai koma ya ɗauko tsohuwar maƙwabcinsu ya biyo ta. Bai biyo ba. A ɗakina ta haihu, mace, Aba ya raɗa mata Turai. Ya Amatu da na sani da surutu da son ƙunshi, ta koma sai ta wuni ba ka ji muryarta ba, laffaya ɗaya ruwan toka ta riƙe kamar ita kaɗai ta mallaka.

Sai kuma Mikail, saurayina.

Ku bar ni in ɗan yi murmushi a nan. Malamin lissafi ne, dogo, siriri, da farin gilashi da ke zamowa kan hancinsa kullum. An rufe makarantu saboda halin da ake ciki, don haka lokaci gare shi har ya yi masa yawa. Zancen dare kuwa dokar hana fita ta kashe shi, sai dai bayan la'asar. To ina za a zauna? Zaure akwai tsofaffi, tsakar gida akwai mata, ko'ina ido ne. Zuwansa na farko-farko mun gama hirarmu kaf a gaban mutum goma sha, har wata gwaggo tana gyara masa magana.

Rannan sai ga shi da wata 'yar jaka. Ya zazzage ta a tabarma, sai ga ƙwayoyi irin na ludo, amma ɗaya a ciki, shuɗiya, fuskarta ashirin.

"Tunda ba za su bar mu mu biyu ba," ya ce a hankali, "bari mu ɗebe su gaba ɗaya."

Wani wasa ne da ya koya wurin abokansa lokacin da yake karatu a Malesiya. Babu allo kamar na ludo, da baki ake yinsa. Kowa zai zaɓi mutumin da zai zama a labari: maharbi, ko mai magani, ko bafatake. Shi Mikail shi ne mai jan labari. Zai ce ga ku a bakin kogi, ga kwalekwale ya huje, ga 'yan fashi suna tahowa, me za ku yi? Kai kuma ka faɗi abin da mutuminka zai yi. In abin mai wuya ne sai ka jefa ƙwaya. Ta ba da babbar lamba ka yi nasara, ta ba da ƙarama ka sha ƙasa, a yi ta dariya.

Wallahi ban zaci zai kama ba. Amma kafin wani lokaci, da an sallame la'asar za ka ga an share gindin darbejiyar tsakar gida an baje tabarma. 'Yan matan da suka zo ba sa iya barci saboda abin da suka gani, sai ga su suna musu a kan wa zai tsallaka ganuwa. Har Dorothy maƙwabciyarmu, 'yar Gwoza mai karatun jinya, in ta dawo daga aikin sa kai a sansanin 'yan gudun hijira, ko takalmi ba ta cirewa a gidansu, nan take yada zango. Ita ce maharbiyarmu, ni ce mai magani.

Mama ce kaɗai abin bai burge ba. Ba wasan ne damuwarta ba, mai wasan ne. Ita hankalinta yana kan Sa'id, ɗan ƙanwarta da ke aiki a Abuja.

"Ban ce yaron nan yana da aibu ba," ta ce min ranar da nake taya ta turara kaya, hayaƙin turaren wuta ya cika ɗaki. "Amma in kin aure shi a nan za ki zauna. Ƙasar nan ta ci min ɗa guda, Kellu. Ki bari ko ɗaya in ajiye a inda in waya ta yi ƙara gabana ba zai faɗi ba."

Me za ka ce wa uwa a kan wannan? Na sunkuyar da kai na ci gaba da ninke zannuwa.

Ya Amatu ta daɗe tana kallonmu daga bakin ƙofa, Turai a cinyarta. Wata ranar Laraba, ba wanda ya kira ta, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefen tabarma.

"Ni ma zan iya?" ta ce.

Mikail ya gyara gilashi, ya ce, "Ƙwarai kuwa. Wa kike so ki zama?"

"Mace kawai. Mai sayar da kifi."

"Me ya fito da ita daga gida?"

"Mutum take nema."

Na dubi Dorothy, Dorothy ta dube ni. Ya kamata a ce mun tsayar da abin a nan. Amma rabon da mu ji ta haɗa kalma biyar a jere har mun manta, sai muka bi ta.

Kuma ta iya. Mai kifinta ta fi mu duka wayo. Ita ta yaudari mai gadin ƙofar birni da kukan ƙarya, har Ya Amatu ta yi dariya da ƙwayar ta ba ta sha bakwai, dariyar da ta sa Mama leƙowa daga madafa da ludayi a hannu. A haka muka yi ta tafiya har labari ya kai mu bakin wani kurkuku a ƙarƙashin dutse, inda aka ce an kulle mutanen da aka kama. Ƙofar ƙarfe ce. Maharbiyar Dorothy ta gwada ɓalle ta, ta kasa. Na gwada, na kasa. Mikail ya ce ana jin takun masu gadi suna saukowa.

Ya Amatu ta gyara riƙon Turai. Ta ce, "Mai kifi ta ɗaga hannu. Ta roƙi Allah ya buɗe mata."

Na ga Mikail ya daskare. Daga baya ya gaya min cewa a asalin wasan, can inda aka ƙirƙiro shi, mutanen labari suna da wasu gumakan ƙarya da suke roƙo, kuma akwai ƙa'ida: in ka roƙa ka jefa ƙwaya, in ta ba da ashirin taimako ya sauko. Shi ya cire gumakan tun ranar farko, bai ma taɓa ambatarsu ba. Amma bai taɓa tunanin me zai yi in wani ya roƙi Allah na gaskiya ba. Hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba. Ya miƙa mata shuɗiyar ƙwayar.

Masu karatu, zan faɗa muku abin da ke raina a lokacin. Na manta wasa muke. Zuciyata cewa take, in ta ba da ashirin Ajimi yana raye. Na san wannan ba daidai ba ne, na yi islamiyya, amma haka na ji, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ce a tabarmar nan.

Ta jefa. Ƙwayar ta gangara ta bugi ƙafar Dorothy ta tsaya.

Uku.

Ba wanda ya yi motsi. Can nesa ana jin jirgin soja yana wucewa.

"To," Ya Amatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe ko a wasa ma."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci burabuskon da Mama ta yi ba. Washegari ma shayi kawai ta kurɓa. Da azahar muka yi salla tare, na lura tana sallamewa ta naɗe darduma, ita da take daɗewa hannu a sama har kafaɗarta ta gaji.

"Ya Amatu, ba ki yi addu'a ba."

"Na yi salla ai."

"Ƙwaya ce fa kawai. Roba ce."

"Na sani, Kellu. Ba ƙwayar ba ce." Ta kalli tafin hannunta. "Tun da na zo gidan nan nake roƙo. Na roƙa da Larabci, na roƙa da Kanuri, na roƙa da kuka. Jiya da abin nan ya tsaya sai na ji kamar an faɗa min da baki abin da nake tsoron ji. Yanzu in na ce zan ɗaga su sai su yi min nauyi. Ban yi saɓo ba, ban ce komai ba. Nauyi kawai."

A gida mai mutum da yawa magana ba ta kwana. Kafin Aba ya dawo daga kasuwa an riga an kai masa, kuma an ƙara gishiri: wai saurayin Kellu yana buga caca a kan addu'a. Ya aika a kira Mikail. Na tsaya bayan ƙofar zaure, laffayata a baki ina taunawa.

Aba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kallon idon masu ciniki, ba ya kewaye-kewaye. Ko babbar rigarsa mai ƙurar kasuwa bai cire ba.

"Malam, an ce kai ke faɗin abin da zai faru a wasan nan."

"Ni ne, Baba."

"In ka ce ƙofa ta buɗe, ta buɗe?"

"Ta buɗe."

"To yarinya ta roƙa a gabanka, me ya hana ka buɗe mata?"

Mikail ya ce, "Baba, in duk wanda ya roƙa na buɗe masa, gobe kowa zai daina ƙoƙari, sai dai a zauna a ɗaga hannu. Kuma zan koya musu cewa haka addu'a take, kana faɗa ana cikawa. Su kuwa sun san ba haka ba ne, sun gani da idonsu. In kuma na hana da bakina, na zama azzalumi. Ina jin shi ya sa na tura wa ƙwaya, don kada laifin ya zama nawa."

"Ka tura wa roba abin da kai ka ji tsoron ɗauka."

"Haka ne."

Na zaci Aba zai yi faɗa. Sai na ji ya sauke numfashi, ya koma yaren Kanuri, abin da yake yi in magana ta taɓa shi.

"Ni ma ina roƙo, Malam. Duk motar da ta shigo kasuwa daga hanyar can sai na leƙa fuskar direba. Ba a ba ni ba, kuma ba a ce min a'a ba. Mai amsawa shi ya san lokacin da zai bayar, da abin da zai ajiye maka, da abin da zai kawar maka ba ka sani ba. Wannan kujera ba taka ba ce, ba ta ƙwayarka ba ce. Ka zauna a inda ba a zama. Ba na ce kai mugu ba ne. Amma ka ɗan dakata da zuwa gidan nan, har in ga yadda yarinyar nan za ta tashi."

Da yamma na ji Mama a waya da ƙanwarta tana tambayar yaushe Sa'id zai samu hutu.

Tabarma ta koma jingine a bango. Yamma ta yi tsawo. Ni kuwa ina maƙale da waya a lungun da sabis ya fi kamawa, kusa da tankin ruwa.

Saƙonsa na farko: "Ya jikin Ya Amatu? Ki ba ta haƙuri. Na kasa cin abinci."

Na rubuta: "Kai da ma me kake ci? Tana nan. Ba ta fushi da kai."

"Na yanke shawara. In Allah ya sa an sake yin wasan, na cire addu'a gaba ɗaya. Babu mai roƙo a labari. An huta."

Da farko na ga kamar ya yi daidai. Sai na tuna ranar da bam ya tashi a kasuwa muna cikin keke napep ni da Mama, yadda mai keken da mu da wata mata mai sarƙar gicciye a wuya kowa bakinsa ya kama kiran Allah ba wanda ya shirya.

Na rubuta: "A garin nan ka taɓa ganin wanda aka rutsa da shi bai kira Allah ba? In ka cire, mutanen labarinka sun zama itace. Ya Amatu ba za ta yarda da mai kifin da ba ta roƙo ba."

"To ya zan yi? In amsa, na yi ƙarya. In hana, na yi zalunci. In jefa ƙwaya, kin ga abin da ya faru."

Na kai wa Dorothy maganar, na same ta tana wanke farar rigar aikinta a bakin famfo. Ta saurara har na gama, tana murza wuyan rigar.

"Kin san babana ya fito daga dutsen Gwoza da ƙafarsa," ta ce. "Mun yi azumi, mun yi addu'a a coci, ya fito. Mijin Mama Rebeka 'yar cocinmu tare suka hau dutsen, tare muka yi musu addu'ar, a benci ɗaya. Shi bai fito ba. Fasto ya ce in tashi in ba da shaida ranar Lahadi. Na tashi, na hango ta a zaune, sai na kasa cewa Allah ya ji kukanmu. Don in na faɗa, me na ce mata ke nan? Na ce na gode kawai na zauna." Ta matse rigar. "Ni dai na daina lissafa wa Allah. Ina roƙo, ina zuwa aiki."

A hanyar komawa gida abin ya faɗo min. Na tsaya a bakin ƙofarmu na rubuta masa:

"Ka bar ta ta roƙa. In ta gama ka yi shiru, kowa ya yi shiru. Kada ka taɓa ƙwaya, kada ka ce an amsa, kada ka ce an hana. Ka ci gaba da labari kawai. Masu gadi su sauko, mu yi abin da za mu iya."

Amsa ta zo nan take: "To me addu'ar ta canza a lissafin wasa?"

Malamin lissafi ke nan. Na yi tsaki ina murmushi. "A lissafi babu. Amma wadda ta roƙa ba daidai take da wadda ba ta roƙa ba in ta miƙe. In daga baya wani abu ya faru ta ce amsarta ce, kada ka yi mata musu. In ba ta ce ba, kada ka ce mata."

Ya jima bai amsa ba, har na zaci caji ne ya ƙare masa. Sai ga shi: "Kellu, in Baba ya hana ni ke, ban san inda zan samo mai gyara min ƙa'ida ba."

Ku yi min uzuri, wannan saƙon na karanta shi fiye da yadda ya kamata.

Ba mu samu damar gwada sabuwar ƙa'idar ba. A makonnin nan sojoji sun fara ƙwato garuruwa, ana ta kawo mutane cikin manyan motoci, wasu ƙashi da fata. Wata safiya da hantsi ina tankaɗen gari wayata ta yi ƙara. Dorothy ce daga sansani.

"Kellu, ki natsu ki ji. An kawo wani mutum jiya, yana ɗakin marasa lafiya. Zazzaɓi ya rufe shi, bai faɗi sunansa ba. Abu ɗaya yake maimaitawa: Alhaji Umara, Kasuwar Shanu. Ni ban taɓa ganin yayanki ba, ban sani ba. Kada ki gaya wa Mama tukuna."

Amma Mama tana tsaye a kaina, ta ji komai. Rariyar ta faɗi daga hannuna.

Aba yana kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Sansanin yana can ƙarshen gari, ga shingayen bincike, keke ba zai kai mu da wuri ba. Mota ɗaya na sani, tsohuwar motar yayan Mikail. Na dubi Mama. Ta san abin da nake tambaya.

"Kira shi," ta ce.

Ya Amatu ta fito da Turai a goye. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi komai ba, sai dai hannunta ya kasa ɗaure laffaya, ni na ɗaura mata. Muka biya Kasuwar Shanu. Mikail ya kutsa cikin garke da farar shaddarsa ya nemo Aba. Aba ya zo ya ga wanda ke riƙe da makulli, ya shiga gaba.

Duk shingen da muka tsaya sai mu sauke gilashi, a leƙa, a ce mu wuce. Ina ta so in yi addu'a, na rasa me zan ce. In ce Allah ya sa shi ne? Ai wanda ke kwance ya riga ya zama wanda yake tun jiya. Sai na ce, Allah ka riƙe mu, ko ma wane ne.

Dorothy ta tare mu a bakin tanti ta kai mu gadon ƙarshe. Mutumin yana kwance ya juya baya, an sa masa ƙarin ruwa. Tsawonsa kamar na Ajimi. Aba ya dafa kafaɗarsa, ya juyo.

Ba shi ba ne.

Ni da Dorothy muka riƙe Ya Amatu. Aba ya tsaya kamar an dasa shi. Har ya juya zai fita, mutumin ya kama gefen rigarsa.

"Kai ne Alhaji Umara?" Muryarsa kamar ana jan busasshen kara. "Kamarku ɗaya."

Aba ya durƙusa a ƙasa.

Sunansa Madu, manomi daga wani ƙauye bayan Bama. Tare aka tsare su da Ajimi a wani gari cikin daji, ana sa su aiki. An kashe wa Madu kowa. Da jirage suka fara ruwan wuta masu tsaronsu suka rikice, Ajimi ne ya ɗaga masa wayar shinge ya ce ya gudu. Shi Ajimi ƙafarsa tana da rauni, ba zai iya gudu ba.

"Na ce masa ina zan je, ba ni da kowa. Ya ce in na kai Maiduguri in nemi babansa a Kasuwar Shanu. Ya ce, babana ba ya barin mutum a waje. Tun da na fito nake roƙon Allah kada in mutu a inda ba wanda zai san sunana. Da na ji takunku na ce ko mutanen Ajimi ne."

"Yana raye?" Aba ya tambaya da ƙyar.

"Da rai na baro shi, Alhaji. Abin da ya biyo baya ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Aba ya rufe fuska da hannun riga. Da ya buɗe sai ya dubi Dorothy. "'Yata, in ruwan nan ya ƙare za a iya ba ni shi?"

Sai bayan la'asar aka sallame shi. Mikail ne ya ɗauke shi kamar yaro ya sa a mota. Da muka shigo layinmu na hango Mama a ƙofar gida, ta sa sabuwar laffayarta mai ruwan zuma, ƙamshin turare har titi. A cikinmu ba wanda ya iya kiran ta daga sansani ya gaya mata. Ta zuba wa ƙofar mota ido. Aka fito da Madu.

Na ga hasken fuskarta ya mutu a hankali.

"Wane ne wannan?"

"Baƙon Ajimi ne," Aba ya ce. "Shi ya aiko shi."

Ta daɗe a tsaye tana kallon mutumin nan, da tsummar rigarsa, da ƙafafunsa da suka tsattsage. Sai ta juya ta shige. Na zaci ɗaki za ta kulle kanta. Can sai ga ta da kaftanin Ajimi mai ruwan sararin sama, wanda ta hana kowa taɓawa, ta miƙa wa Mikail.

"Ka taimaka masa ya yi wanka ya sa. In kun gama ku zo ku ci abinci, kai ma tun safe ba ka ci komai ba."

Mikail ya dubi Aba. Aba ya ɗaga masa kai.

Ana gab da magariba aka shimfiɗa wa Madu a tsakar gida, kaftanin ya yi masa yawa. Ya Amatu ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, ta kwanto Turai daga baya.

"Malam Madu," ta ce, "yana maganata?"

Ya dube ta, ya dubi yarinyar da ke ta wutsil-wutsil da ƙafa tana cusa yatsa a baki. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ke ce mai cikin? Baiwar Allah, ai ba shi da wata addu'a. Mu muna roƙon mu fita, shi kullum abu ɗaya: Allah ya sauki matata lafiya, ita da abin da ke cikinta. Har ranar da muka rabu yana cewa bai sani ba ko an karɓa."

Ya Amatu ta sunkuya ta kalli Turai kamar yau ta fara ganinta. Yarinyar ta kama bakin laffayarta tana ja, tana dariya da dasashi. Aka kira salla a masallacin layinmu, ba wanda ya motsa.

"Kellu," ta ce, ba ta ɗago ba, hawaye na sauka a kan goshin yarinyar. "Riƙe min ita. Zan yi alwala."